Ƙugiya

Ni mai gyaran rediyo ne a Fagge.
Shekara ashirin da biyu kunnena na jikin sifika,
na san tsakin waya in ta kusa tsinkewa,
na san shaƙewar batir mai shirin mutuwa.
Amma ban san baƙi yana da murya ba
sai da Ramlatu ta shiga aji ɗaya.

Mu a zamaninmu sunayensu aka ba mu,
mu rera, dorina na lilo a kanmu.
Na haddace su tsaf, daga farko har ƙarshe,
amma in an jera mini uku a allo
sai in yi turus, kamar baƙo a lungunan Kurmi.
A aji huɗu na sulale. Ba wanda ya bi sawu.

Ran wata Talata ta dawo tana jan jaka a ƙasa.
"Baba, Malama Saude ta ce
kar mu kira sunansa, mu saurari kukansa."
Ta rufe leɓe: mmm,
kamar injin markaɗen Gwammaja daga nesa.
Ta haɗe haƙora: sss,
kamar albasa ta faɗa cikin mai.
Ta kamo mmm da hannun dama,
ta kamo a da na hagu,
ta tafa: ma!
Ta sake tafawa: sa!
Sai ta yi shiru, ido waje, ta juya wajen murhu:
"Umma, na karanta abinci!"

Tun daga ranar gidan bai huta ba.
Uwarta kan baza garin masara a faifai,
yarinya ta zana da yatsa, ta shafe, ta zana,
tuwon dare ya yi ta jira.
Ni kuma na tsinto murafun lemo wajen mai shayi,
kowanne na ɗiga masa baƙi ɗaya,
na zuba su a gwangwanin tsofaffin kusoshi.
In an ɗauke wuta, fitilar waya ta ishe mu.

Masu ƙugiya ne suka ba ta wuya.
Kafa da ƙafa, baki da baƙi, bari da ɓari.
Har kuka ta yi, majina shaɓe-shaɓe a littafi.
Malama Saude, mai yara tamanin da guntun alli,
ta sa kowa ya dafa maƙogwaronsa:
wannan iska ce, a bar ta ta wuce,
wancan a maƙoshi ake ɗaure shi, sannan a sake.
Na gwada a shago, ƙ, ƙ, ƙ,
har Ɗanliti mai walda ya miƙo mini ruwa,
wai ya ɗauka ƙaya ce ta maƙale.

Ran Asabar ta rako ƙanina kawo mini abinci.
Ta tsaya gaban allon shagona,
wanda na biya mai fenti kuɗi masu ciwo,
shekara tara yana nan, rana ta ci, ruwa ya ci.
Ta ɗaga yatsa.
"Ba. Ba-shi. Sai. Ha-ku-ri.
Baba, mene ne hakuri?"
Na ce haƙuri mana.
Ta ce, "A'a. Wannan ba shi da ƙugiya."

Ta hau benci, ta yi ɗage,
da gawayin da ta roƙo wajen mai gasa masara
ta lanƙwasa kan baƙin nan, ɗan mitsitsi.
Ɗanliti ya kashe injinsa yana kallo.
Ta sauko, ta goge hannu a rigata.

Ban shafe ba. In damina ta wanke, zan sa ta sake.

Yanzu in dare ya raba, ta yi barci,
ƙafarta ɗaya a kan ƙanwarta,
nakan rage muryar rediyo,
in jawo gwangwanin a hankali kar ya yi ƙara,
in zube murafun a tabarma.
Mmm a dama.
A a hagu.
Ina tafawa ba sauti, kar uwarta ta ji.
Jiya ta ji.
Ba ta ce komai ba, ta dai matso da fitilar.